Madubin gefe da ke sunkuyawa idan an sa ribas: yadda yake aiki da abin da ke lalata shi

Mutum ya sayi mota okaziyon da aka hauro da ita daga tashar jirgin ruwan Duwala. Ya zauna, ya sa ribas, sai ya ji ɗan ƙugi daga ƙofar dama, ya waiwaya ya tarar madubi ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ya cire ribas, madubin ya ɗago. Masu motoci da yawa a Garwa da Marwa da Njamena ciwo suke ɗaukar wannan, har wani ya sa a tsinke masa wayar. Akwai kuma akasin haka: wanda ya san motarsa tana yi, wata safiya ta daina, ya kama hanyar gareji, alhali yaron da ya wanke motar ne ya goga tsumma ya ture maɓalli zuwa tsakiya. Duka biyun rashin sanin yadda aka tsara abin ne, kuma duka biyun suna cin kuɗi a banza.

Asalin maganar ita ce madubin gefe aiki biyu ake nema daga gare shi, kuma ba ya iya yin su a lokaci guda. A kan hanya, direba yana son ganin nesa: tirelar da ta taso daga baya, babur ɗin da ke neman wucewa. Wajen fakin kuwa, abin da yake son gani yana kusa kuma yana ƙasa: tayar baya, dakalin gefen titi, bakin kwata, kututture, ko bulon da wani mai shago ya ajiye don kama wuri. A Kamaru da Chadi hannun dama ake bi, direba yana zaune a hagu, don haka tayar baya ta dama ita ce mafi nisa daga idonsa, kuma ita ce ke fara kusantar kwata. Shi ya sa kamfanoni da yawa madubin dama kawai suke sunkuyarwa.

Akwai ƙa'idar haske da ke bayyana dalilin da ya sa ɗan motsi kaɗan ke wadatarwa. Duk abin da gilashi ya karkata, ganin da yake bayarwa yana karkata ninki biyu. Gilashi ya sunkuya digiri 5, ido ya sauka digiri 10. A ƙaramar mota irin Corolla, madubi yana kusan mita 1 daga ƙasa, tayar baya kuma tana kusan mita 2 a bayansa. Idan gani ya sauka digiri 10, tsakiyarsa tana taɓa ƙasa a wajen mita 5 da rabi a baya, wato an wuce motar gaba ɗaya. Idan ya sauka digiri 20, tana taɓa ƙasa a wajen mita 2.7, kuma a nan ne tayar ke shigowa ƙasan gilashin. Ke nan sunkuyawar digiri 10 kacal ce ke raba mai ganin tayarsa da mai tuƙin ƙiyasi. A Hilux da Prado madubi ya fi tsayi, ƙasar da ke ɓuya a gefen mota ta fi faɗi, buƙatar ta fi yawa.

Abin da ke bayan gilashin

Idan aka ɓalle gilashin, za a ga wani faifan roba mai zagaye. A cikinsa akwai 'yan injunan lantarki guda biyu masu cin volt 12, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Ɗaya na tura gilashin sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. Kowanne yana juya wasu ƙananan haƙoran roba, su kuma suna tura wani ɗan sanda mai zare wanda ke manne da bayan gilashin. Babu wani sirri a yadda injin ke canja alkibla: a juya masa wutar, a sauya mai zafi da mai sanyi, sai ya koma baya. Madubi mafi sauƙi waya uku ke gare shi, ɗaya ta sama da ƙasa, ɗaya ta hagu da dama, ɗaya ta tarayya. Mai ɗumama gilashi, wanda Turai ke buƙata saboda ƙanƙara, yana ƙara waya biyu. Sigina da injin naɗe madubi su ma da nasu.

Abin da ke bambanta madubi mai sunkuyawa shi ne wasu 'yan sensa biyu da ke cikin faifan. Kowacce siririyar hanya ce ta gawayi da ɗan harshen ƙarfe ke gogawa a kanta yayin da gilashi ke motsi. A yawancin motoci ana ba ta volt 5, ita kuma tana mayar da wani adadi tsakanin kusan 0.5 da 4.5 gwargwadon inda harshen ya tsaya. Da wannan adadin ne ƙwaƙwalwar ƙofa, wato 'yar kwamfutar da ke cikin ƙofar, ke sanin inda gilashin yake. Ba don shi ba, motar za ta iya sunkuyar da madubi amma ba za ta san inda za ta mayar da shi ba. Wannan ne dalilin da ya sa galibi ake samun tsarin a motocin da kujerar direba ke da maɓallan tuna mazauni, masu lamba 1 da 2: maɓallan suna tuna mazaunin madubi ma, kuma da wannan sensar suke yi.

Saƙon ribas kuma daga giya yake tasowa. A mota mai giyar hannu, akwai ɗan makunni a jikin akwatin giya, shi ne dai mai kunna farar fitilar baya. A otomatik, sensar da ke karanta inda sandar giya take ita ke ba da labari. Saƙon ya tafi babbar ƙwaƙwalwar jikin mota, ita ta miƙa wa ta ƙofa, ta ƙofa ta ajiye adadin da sensa ke nunawa, sannan ta kunna injin sama da ƙasa har gilashi ya kai mazauninsa na fakin. Ɗan jinkirin da ake gani kafin ya fara motsi da gangan ne, don kada madubi ya riƙa rawa duk lokacin da aka ratsa R (ribas) daga P (fakin) zuwa D (gaba).

Kowane kamfani da tasa al'adar

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin maɓalli ɗaya ne amma ma'anarsa ta sha bamban daga mota zuwa mota.

A Toyota da Lexus masu wannan tsari, muddin maɓallin zaɓen madubi yana kan L (hagu) ko R (dama), madubai za su sunkuya da an sa ribas. A mayar da shi tsakiya, an kashe tsarin ke nan. Idan kusurwar ba ta yi ba, ana gyara ta ne yayin da giya ke kan ribas, motar ta riƙe. Sai dai akwai abin da littafin Toyota ke faɗa wanda mutane ba sa lura: mazaunin fakin a ɗaure yake da mazaunin tuƙi. Wani direba ya shiga ya ɗaga madubi don tsayinsa, to mazaunin fakin ma ya gusa, sai an sake saitawa. A gidan da mutum biyu ko uku ke tuƙa mota ɗaya, wannan shi ne tushen yawancin ƙorafi.

Honda ta fi kai tsaye: ɓangaren da ka zaɓa da maɓalli shi ke sunkuyawa, tsakiya kuma a kashe. BMW ita ce mai juyi. Sai an tura maɓallin ɓangaren direba sannan madubin fasinja ke sunkuyawa. A tura shi ɓangaren fasinja, ya daina. Wanda ya saba da Honda ya koma BMW zai rantse motarsa ba ta da tsarin.

A Volkswagen, ana murɗa maɓallin madubi zuwa R (dama), kuma a sababbin ana fara kunna abin a cikin allon saituna. Madubin ba ya ɗagowa da zarar an cire ribas. Yana jira sai mota ta wuce kusan kilomita 15 a awa tana gaba, ko an kawar da maɓallin daga R. Dabara ce mai kyau, domin mai shiga matsattsen wuri yana yin gaba da baya sau uku ko huɗu, kuma yana son tayar ta ci gaba da zama a idonsa. Mercedes da yawa suna ɗago shi bayan kamar daƙiƙa 10 da cire ribas, ko da an wuce kilomita 15 a awa, ko da an danna maɓallin madubin direba.

Motar da aka ƙera don ƙasashen da ke bin hagu, irin Ingila da Japan, mai sitiyari a dama, madubin fasinjanta na hagu ne. Idan tsarinta na ɓangaren fasinja ne kawai, a titin Kusiri sai ta sunkuyar da madubin da ke kallon tsakiyar hanya, wanda shi ne ake buƙata a tsaye. Irin wannan gara a kashe shi.

Saitin kansa ba ya ɗaukar minti biyar. A nemi fili shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a bar inji a kunne. A fara gyara kujera, sannan madubi na tuƙi, tun giya ba ta kan ribas. A ajiye bulo ko sanda santimita 30 daga gefen tayar baya ta dama. A taka birki, a sa ribas, a jira madubi ya gama sauka, sannan a gyara shi da maɓalli har a ga inda taya ke taɓa ƙasa a kusurwar ƙasa ta ciki, bulon kuma yana bayyane. Kada a cika gilashin da jikin mota; ɗan siririn gefe ya isa. A cire ribas, a sake sawa, a tabbata ya koma wurin. Amfanin bulon ya wuce saiti: ido yana haddace yadda santimita 30 ke kama a cikin wannan gilashin.

Wannan haddar tana da muhimmanci saboda gilashin dama mai doro ne. Doron yana faɗaɗa gani amma yana ƙanƙantar da abu, sai ya yi kamar yana nesa. Motocin da suka fito daga Amurka suna da rubutun Turanci a ƙasan madubin dama da ke gargaɗin cewa abin da kake gani ya fi kusa da yadda yake nunawa. A can doka ta ce na direba ya zama shafaffe. Na Turai kuwa sau da yawa duka biyun masu doro ne, wasu har da layin ɗigo-ɗigo a tsaye, wanda bayansa doron ya ƙaru. Kada a auna tazarar taya da abin da ke bayan wannan layin.

Wajen fakin a gefen titi, ana neman gurbin da ya kai tsawon mota da rabi. A jera da motar gaba da tazarar rabin mita zuwa mita 1, bamba da bamba. A karya sitiyari duka zuwa dama, a ja baya a hankali har mota ta yi kusurwar kusan digiri 45, a miƙar da sitiyari, a ci gaba har bamban gaba ya kuɓuce wa motar gaba, sannan a karya hagu duka. A wannan mataki na ƙarshe ne madubin da ya sunkuya ke biyan kuɗinsa, domin a lokacin ne tayar baya ke tunkarar gefe. Inda akwai dakali, santimita 20 zuwa 30 ya isa, kuma mafi munin abin da zai faru shi ne rim ya karce ko gefen taya ya kumbura. Inda kwata ce a buɗe, kamar yadda take a tituna da yawa na garuruwanmu, a bar rabin mita. Bakin kwata yana zaizayewa da damina, yashi ya rufe ramin, taya ta taka abin da ido ya ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi. Tayar da ta faɗa kwata ba ta tsayawa a karcewa: ƙasan mota ne ke zama a kan siminti.

Amma akwai farashin da ake biya, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a fi jin tsoro. Muddin madubi yana kallon taya, ba ya ganin mai babur da ya kutso ta dama, ba ya ganin mai turin kura, ba ya ganin yaron da ya fito daga zaure da gudu. A bakin babbar kasuwar Garwa, ko a cunkoson da ke kaiwa gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena, ribas da madubai biyu a sunkuye ganganci ne. Ga wanda motarsa ke ba da zaɓi, ɗaya ya sunkuya, na hagu ya tsaya a miƙe. Ga mai fita da baya daga gida zuwa titi, a ture maɓallin zuwa inda tsarin ke mutuwa, domin a nan nesa ake son gani. Kyamarar baya, wadda ta zama dole a sababbin motocin Amurka tun 2018, tana nuna abin da ke bayan bamba, amma ba ta nuna gefen taya, kuma ƙurar hunturu tana dusashe idonta cikin yini guda. Waiwaye da wuya yana nan daram.

Ga wanda ke saita madubinsa a buɗe sosai, irin tsarin da injiniya George Platzer ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE a 1995, inda ake jingina kai da gilashin ƙofa a tura madubi waje har jikin mota ya kusa ɓacewa, sunkuyawa kaɗai ba za ta nuna masa taya ba. Sai ya haɗa da karkato gilashin ciki yayin da yake saita mazaunin ribas, idan motar tana riƙe duka biyun.

Idan ya lalace

A fara da abin da ba ya cin ko sisi: maɓalli da allon saituna. Sannan a sa ribas, wani ya duba farar fitilar baya. Idan ba ta kama ba a mota mai giyar hannu, kuma ƙwan lafiya lau, laifin yana ga makunnin akwatin giya ko fiyus ɗinsa, madubi bai san an sa ribas ba.

Idan madubai biyu sun mutu gaba ɗaya, ko da maɓalli ba sa motsi, fiyus ne ko maɓallin kansa. Idan ɗaya ne ya mutu, ko yana aiki in an buɗe ƙofa ya daina in an rufe, a janye robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wayoyin ciki suna lanƙwasa duk buɗewa da rufewa, zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 yana busar da rigarsu, tagullar ta karye a ciki alhali waje na nan kamar lafiya. A ja kowace waya a hankali. Wadda ta miƙe kamar roba ita ce ta karye. A yi mata ƙari da sabuwar waya, a sa haɗin a cikin ƙofa, ba a daidai wurin lanƙwasar ba.

Idan ana jin inji na kuka amma gilashi ba ya motsi, ko ana jin ƙas-ƙas-ƙas, haƙoran roba ne suka cinye ko sandan ya fita daga gurbinsa. Babban mai jawo wannan shi ne tura gilashi da yatsa. Mai wanki ya danna da ƙarfi, fasinja ya juya shi don gyara hula, haƙora su tsallake. Sau ɗaya ba komai, amma maimaitawa tana gama da su.

Ciwon da ya fi ban haushi shi ne madubin da ke sauka amma ba ya komawa daidai, yau ya tsaya ƙasa kaɗan, gobe ya wuce yana kallon sama. Wannan kusan kullum sensa ce. Ƙura mai laushi ta shiga ta kwanta a kan hanyar gawayin, ko harshen ya cinye wurin da ya fi gogawa, adadin da ke zuwa wa ƙwaƙwalwa ya riƙa tsalle. Kafin a kwance komai, a kai gilashin ƙarshen sama, ƙarshen ƙasa, ƙarshen hagu da dama, sau goma kowanne; sau da yawa harshen yana share hanyarsa da kansa. In bai yi ba, a sunkuyar da gilashin duka, a sa safar hannu, a zura leda mai tauri ko ɗan katako ta sama a ɓalle shi a hankali, a cire wayoyin ɗumamawa in akwai. Mai gyaran wutar mota ya ɗora mitar auna wuta a kan wayar sensa yana motsa injin: adadin ya hau ya sauka sumul. In yana yankewa, a fesa ruwan wanke kayan lantarki, in ya ƙi a canja faifan. Sukurori uku ko huɗu ne ke riƙe da shi, ba sai an sayi madubi sukutum ba. Kada a cusa baƙin giris na ƙafa a ciki. Yana kama ƙura ya zama taɓo, ya ƙara wa injin nauyi. Ɗan giris na silikon a bakin tsinke ya wadatar. Kuma a hana masu wanki cusa bakin ruwa mai ƙarfi a bayan gilashi.

Bayan cire batir, wasu motocin suna mance mazaunin, sai a sake saitin bulo. Madubin da ke naɗewa da lantarki, idan babur ya buge shi ko an naɗe shi da hannu ya koma yana lilo, a naɗe shi a buɗe da maɓalli har a ji ya faɗa gurbinsa.

Wajen sayen wani, nan ne ake yawan yin asara. Madubai biyu na mota iri ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, suna iya bambanta a ciki. A tafi kasuwar kayan gyara da tsohon a hannu, a ƙirga ƙafafun soket, a gwada lambar da ke jiki. Mai sensa yakan haura waya goma. In aka ba ka mai uku ko biyar, zai yi sama da ƙasa da maɓalli amma ba zai taɓa sunkuyawa da kansa ba, ko da soket ɗin ya shiga. A kuma duba gilashin: mai doro a gurbin mai doro.

Motar da ba ta zo da tsarin ba, ana sayar da wani ɗan akwati da ake haɗawa da wayar fitilar ribas da wayoyin injin madubi. Yawancinsu da lokaci suke aiki: su kunna injin ƙasa na wasu daƙiƙoƙi, su kunna shi sama na daidai wannan. Matsalar ita ce gudun injin yana bin ƙarfin wuta, batir a huce yana ba da kusan volt 12.6, inji a kunne kusan 14, ga ƙura na sa hawa ya fi sauka nauyi. Bayan 'yan kwanaki madubin ya gusa, sai an gyara da hannu. Wanda ba ya son a taɓa masa wayoyi, yana iya danna maɓallin ƙasa da kansa kafin fakin, yana ƙirga daƙiƙoƙin don ya mayar daidai. Ko ya manna ƙaramin madubin nan mai zagaye a kusurwar ƙasa ta waje, ya karkata shi zuwa taya kafin gam ɗin ya kama. A goge wurin da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a manna da safe ko da yamma lokacin da gilashin bai ɗau zafi ba.